Fatawa: Shin Dole Ne Shugaba Ya Tafi da Ma'aikatansa da Salo Ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ke jagorantar ma'aikata tara a wani kamfanin haɗa wutar sola a nan Sakkwato. Kamfanin ba nawa ba ne, mai shi ne ya ɗora ni a kai. Akwai mutum biyu da suka daɗe a aikin, nakan tura su Illela ko Tambuwal su gama su dawo ban leƙa ba. Sabbin kuwa ko waya ɗaya ba sa haɗawa sai ina tsaye. Wani sai an ɗaga masa murya yake motsi, wani kuma in ka ɗaga masa murya ka rasa shi ranar nan. Muna da doka cewa wanda ya makara za a yanke masa kuɗin rabin yini, amma su biyun nan nakan kau da kai. Wani yaro ya ce ba na adalci, fuska biyu gare ni. Mene ne hukuncin abin da nake yi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abubuwa biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma hukuncinsu ya bambanta. Sauya salon mu'amala daga wannan ma'aikaci zuwa wancan halal ne, wani lokaci ma shi ne wajibi a kanka. Batun makara da yankan kuɗi kuwa akwai gyara a ciki, kuma a nan yaron nan yana da gaskiya.

Adalcin da Allah ya yi umarni da shi a Suratun Nisa'i aya ta 58 shi ne a kai kowace amana ga mai ita, a ba kowa haƙƙinsa. Ba a wajabta wa shugaba ya yi wa kowa magana da murya ɗaya ko ya sa wa kowa ido daidai wa daida ba. Ƙwararren da ya shekara da shekaru yana ɗora batir da inbata, haƙƙinsa ne a sakar masa mara. Sabon hannu kuma haƙƙinsa ne a tsaya a kansa har ya iya. Da za ka tura shi Illela shi kaɗai da sunan daidaitawa, ya juya waya ya ƙona kayan mutane, kai ne ka tozarta amana, kuma ka cuci yaron da ka jefa cikin abin da ya fi ƙarfinsa.

Sunna cike take da wannan. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya ce kada su bar wurin ko an ci nasara ko an sha kashi. Umarni ne da babu ƙofar ra'ayi a cikinsa, domin kuskure a wannan wuri yana jawo asarar rayuka, kuma ya jawo. A shekara ta 5 kuma ya ce kada kowa ya sallaci La'asar sai a Banu Ƙuraiza. Lokaci ya riske su a hanya, wasu suka yi salla, wasu suka jinkirta, bai tsawata wa kowane ɓangare ba. Shugaba ɗaya ne, mutanen ma kusan su ne, abin da ke gabansu ne ya bambanta.

Haka yake ga ɗaiɗaikun mutane. Baƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, cewa ya yi a ƙyale shi ya gama, a zuba ruwa a wurin, sannan ya koya masa cikin taushi. Mu'azu ɗan Jabal kuwa, masani kuma makusanci, da ya tsawaita wa mutane salla sai ya ji magana mai zafi: "Kai mai fitinar mutane ne, ya Mu'azu?" Ka lura da wanda ya sha faɗan, domin zan dawo kansa. Abu Zarri ya nemi a ba shi shugabanci, aka ce masa shi mai rauni ne kuma abin amana ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito, alhali Amru ɗan Asi bai daɗe da musulunta ba aka ba shi jagorancin rundunar da Abubakar da Umar suke ciki. Ba a auna su da fifikon imani ba, an duba wanda ya dace da aikin ne. Ma'aunin yana Suratul Ƙasas aya ta 26: mai ƙarfi, amintacce.

Mu nan Sakkwato ba sai mun je nesa ba. Shehu Usmanu ya ba mutane irin su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubu na Bauchi tuta, kowa ya tafi ƙasarsa ya yi aiki gwargwadon yadda ya san mutanensa. A 1812 ya raba kula da daula, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Amma ba a bar sarakunan nan haka kawai ba, Waziri Giɗaɗo yana zagayawa yana duba al'amuransu. Wannan ya shafi maganarka ta cewa su biyun nan suna gamawa su dawo ba ka leƙa ba. An ruwaito Umar ɗan Haɗɗabi ya tambayi mutane: in na naɗa muku mafi alherin wanda na sani, na umarce shi da adalci, na sauke nauyina? Suka ce e. Ya ce a'a, sai na duba aikinsa. Saboda haka ka bar su su zaɓi yadda za su yi, amma lokaci zuwa lokaci ka je ka ga abin da suka haɗa, ka ji ta bakin masu gidan.

Zargin fuska biyu bai hau kanka ba. Mai fuska biyu da hadisin Buhari da Muslim ya zarga shi ne wanda yake zuwa wa waɗannan da wata fuska, waɗancan da wata, yana nuna wa kowa yana tare da shi alhali ƙarya ne. Kai abin da kake so wurin su tara ɗin ɗaya ne, aiki ya yi kyau. Sai dai ka tsare wannan da sharaɗi: bambancin ya zama saboda maslahar aiki da ta ma'aikacin, kada ya zama saboda wane ɗan unguwarku ne ko ya iya gaisuwa. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan waɗanda yake jagoranta a ɗaure yake da maslaha. Kuma ɗaga murya daban, zagi da kunyata mutum a gaban abokan aikinsa daban. Na biyun haramun ne ko da yana sa shi motsi. Ka ji tsoron addu'ar Annabi (SAW) da A'isha ta ruwaito, cewa wanda ya jiɓinci wani abu na al'ummarsa ya tsananta musu, Allah ya tsananta masa.

Sai batun makara, kuma matsala biyu ce a nan. Ta farko, kai wakili ne, dukiyar ba taka ba ce. Da kai ne mai kamfanin, ka yafe wa wani haƙƙinka ka karɓa wurin wani, ba za mu ce ka ci dukiyar kowa ba, ko da yake za mu ce ka shuka gaba tsakaninsu. Amma wakili ba ya yafe abin da ba nasa ba sai da izini, kuma doka da aka shelanta wa kowa ta zama sharaɗi, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Ka tuna Mu'azu: wanda ya fi sani shi ya fi cancantar a riƙe shi da kyau. In aikin mutanen nan biyu ya sa suna dawowa daga tafiya cikin dare, to ka je wurin mai kamfanin a sauya musu lokacin shigowa a fili, kowa ya sani. Bayan Hunainu, da Annabi (SAW) ya ba wasu shugabannin ƙabilu raƙuma ɗari-ɗari Ansar suka ji ba daɗi, tara su ya yi ya faɗa musu dalili har suka yi kuka. Kai ma ka tara yaranka ka gaya musu abin da ya sa wane yake tafiya shi kaɗai, da abin da sabo zai nuna kafin a sake masa.

Ta biyu ita ce yawan abin da ake yankewa. Ma'aikacin da aka ɗauka a kan lokaci, ladansa yana bin lokacin da ya ba da kansa ga aiki. In ya makara da rabin awa, ana iya cire kuɗin rabin awa. Abin da ya haura wannan tara ce ta dukiya, kuma mafi yawan malamai ba su halatta ta ba. Ya yi aikin sauran sa'o'in, ladansu nasa ne, kuma Allah ya ce a hadisin ƙudusi shi ne abokin husumar wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Don haka ka kai wa mai kamfanin wannan magana a gyara dokar, a lissafa rarar da aka yanke wa yaran a baya a mayar musu, ko a nemi yafiyarsu ba tare da tursasawa ba. Wanda makara ta zame masa ɗabi'a, akwai gargaɗi, akwai hana shi kuɗin ƙarin ƙwazo, akwai sallama idan wa'adin yarjejeniyarsa ya cika.

Wallahu a'alam.