Amsa ga ƙanena a Garwa kan karatun ƙungiyoyin gama kai a Kebek

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci cewa bayan ka gama digirinka a Jami'ar Ngaundare kai ne ke riƙe da littafin lissafi na ƙungiyar manoman audugar ƙauyenmu, kana kuma son zuwa nan Kanada ka karanci yadda ake tafiyar da ƙungiyoyin gama kai. Ka tambaye ni ko karatun ya cancanci wahalarsa, ko irin waɗannan ƙungiyoyi za su ba ka masauki idan ka iso, sannan ko ya dace ka karɓi rancen da shugabannin ƙungiyarku suka ce za su fitar maka daga asusu.

Game da karatun, ka zaɓi wurin da ya dace, domin a lardin Kebek gama kai ya shiga cikin ƙashin tattalin arziki. Alphonse Desjardins ma'aikaci ne mai rubuta muhawarar majalisar dokoki a Otawa, kuma a 1897 ya ji wani ɗan majalisa yana ba da labarin mutumin da aka ɗora wa ruwan bashi har kashi 3,000 cikin ɗari. Wannan ne ya sa ya kafa asusun ajiya da rance na jama'a a garin Lebis a watan Disamba na 1900. Ranar da aka buɗe shi a Janairun 1901, ajiyar farko santi 10 ce, abin da aka tara a yinin duka kuwa dala 26 da santi 40, kuma matarsa Dorimène ce ta riƙa kula da littattafan duk lokacin da aiki ya tsare shi a Otawa. A yau Desjardins ita ce ƙungiyar kuɗi ta gama kai mafi girma a Arewacin Amurka, amma har yanzu da hannun jarin dala 5 ake zama mamba, kuma mai miliyan da mai dala biyar ƙuri'a ɗaya kowannensu yake da ita a babban taro. Haka Agropur, wadda masu kiwon shanun madara suka kafa a Garanbi a 1938, ta manoman ce har gobe. Jami'ar Shabruk tana da cibiyar bincike da koyarwa kan wannan fanni tun 1976, saboda haka ka rubuta musu kai tsaye ka ji kwas ɗin da ke buɗe a shekarar da kake nufi.

Sai dai ina so ka san cewa abin da za a koya maka ba baƙo ba ne gare ka. Dokar Kamaru ta 1992 ce ta buɗe wa manomanmu hanyar kafa ƙananan ƙungiyoyin da ake kira GIC, sannan dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, da aka amince da ita a Lome a Disamban 2010, wadda ta shafi Kamaru da Cadi baki ɗaya, ta zo da tsari biyu: ƙaramar ƙungiya mai mutum biyar zuwa sama, da babba mai majalisar gudanarwa wadda sai an kai mutum goma sha biyar. Ƙa'idojin da ke cikinta su ne dai waɗanda ake bi a nan, wato babban taro shi ne mai iko, kowa ƙuri'a ɗaya, a ware wani kaso na rara a ajiye, a kuma naɗa masu sa ido da ba sa cikin masu gudanarwa. Bambancin yana wajen aiki da su. A nan ana raba wa mambobi lissafin shekara a rubuce kafin taro, wani mai bincike daga waje ya duba shi, kuma shugaba yana sauka idan wa'adinsa ya cika ba tare da an ce an ci masa mutunci ba. A gida sau da yawa kunya ce ke cinye ƙungiya, domin ba wanda zai iya miƙewa gaban jama'a ya tambayi baffansa inda kuɗin awon auduga suka shiga. Wanda ya riƙe littafi a irin wannan yanayi ya fi yawancin ɗaliban ajin da za ka shiga sanin inda matsalar take, kuma wannan ne ya kamata ya zama jigon bincikenka.

Batun masauki kuwa, kada ka sa rai. Akwai ƙungiyoyin gidaje na gama kai sama da dubu a lardin nan, inda mazauna ne ke da ginin a tare, su ke yanke kuɗin haya, su ke shara da gyara da zaman kwamiti, shi ya sa hayarsu ta fi ta kasuwa sauƙi. Amma ana jira shekaru, ana yi wa mai nema tambayoyi kan aikin da zai iya ɗauka, kuma ɗakunan da gwamnati ke tallafa wa na ’yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Abin da ke riƙe sabon zuwa a watannin farko shi ne masallaci da adashin ’yan ƙasa. A nan dole in yaba wa ’yan'uwanmu Bamileke, waɗanda ke da adashi mai rubutacciyar doka da tarar makara da asusun mutuwa, alhali mu ’yan Arewa ba mu da yawa kuma namu ya fi dogara ga sanayya. Ko a adashin nasu ma sai wani tsohon mamba ya tsaya maka, kuma sabon shiga ne ke kwasar ƙarshe, bayan ya yi watanni yana zubi. Ka kuma sani cewa rancen Desjardins da ruwa yake, kamar na kowane banki. Musulmin da ke gudun riba sun kafa nasu ƙungiyoyin sayen gida a Toronto da Montiriyal, inda ƙungiya da mamba ke tarayya a gidan, shi kuma ya riƙa sayen kasonta sannu a hankali, amma wannan na wanda ya riga ya zauna ne ya tara abin zubawa.

Yanzu ga maganar rancen, wadda ita ce ta fi damuna. Ka san yadda kamfanin auduga na SODECOTON ke ba da taki da iri da maganin feshi bashi, a cire lokacin sayen auduga, kuma idan ɗaya ya kasa biya sauran ’yan rukuninsa ne ke ɗauka. Kuɗin da ke asusunku shi ne garkuwar mutanen nan a shekarar da damina ta ƙi ko ƙwari suka ci gona, kuma daga cikinsa ake gyara rijiyar burtsatse da biyan malaman da iyaye suka ɗauka. Lissafin biyan da ka yi ya dogara ne ga aikin da za ka samu a nan, alhali doka ba ta yarda ɗalibi ya wuce awa 24 a mako a wajen makaranta lokacin karatu ba, kuɗin makarantar baƙo ya ninka na ɗan lardi sau da yawa, kuma tun Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta ƙayyade yawan izinin karatu da take bayarwa. Kafin ka samu izinin ma sai ka fara samun takardar amincewar Kebek, ka nuna kuɗin zama na shekara, kuma idan aka ƙi ka, abin da ka kashe a neman ba ya dawowa. Ƙari a kan haka, kai ne mai riƙe da littafi, kuma ma'aji ko magatakarda da ya ci bashin asusun da yake tsaro ya buɗe ƙofar da duk wanda ya gaje shi zai bi.

Shawarata ita ce ka fara neman tallafin karatu da gudummawar dangi, ni ma zan sa nawa. Idan har sai an taɓa asusun, to a kai maganar babban taro, kai ka fita waje lokacin ƙuri'a, a rubuta adadin da ranakun biya, a sami mai tsaya maka da ke da gona ko shanu a garin, kuma kada kuɗin su fita sai izinin karatun ya zo hannunka. Kafin ka tashi ka zaunar da wanda zai karɓi littafin ku yi kakar auduga guda tare, tun daga rabon taki har ranar biya. Ka nemi izinin taro ka taho da kwafin dokokin ƙungiyar da lissafinta na shekarun baya, domin malamin da zai duba bincikenka zai so ya gan su.

Ka gaishe mini da Inna da Baffa da sauran mutanen gida. Wassalam, daga yayanka a Montiriyal.