Injin feshin ƙarfe: in sayar da fili in yi odarsa?

Wani mai walda da ke haɗa bodin a-kori-kura ya turo tambaya, wai ya ga bidiyon inji mai fesa garin ƙarfe ana haɗa alminiyum da baƙin ƙarfe, shi kuma so yake bodinsa ya yi shafal, to ya sayar da filinsa ya yi oda?

Malam don Allah ƙyale filin nan tukuna. Abin da ka gani ba rufa ido ba ne, tun shekarun 1980 masana a Novosibirsk ta Rasha suka gano dabarar. Iskar nitirojin ko hiliyom ce ke cilla garin da gudun da ya wuce na sauti, ya doki ƙarfen ya manne daram ba tare da ya narke ba. Kai ma ka san matsalar ai, alminiyum na narkewa a digiri 660 shi kuwa ƙarfe sai ya doshi 1,500, in ka tilasta musu da walda mahaɗar sai ta yi gautsi kamar tangaran. Shi ya sa ake fesa alminiyum a jikin ƙarfen, sannan a yi waldar alminiyum da ɗan'uwansa.

Amma fa sayen injin shi ne mai sauƙin, garin da dala za ka riƙa shigo da shi, ga kuɗin gas, ga dizal tunda wutar nefa ba abin dogaro ba ce, bakin bututun ma cinyewa yake, ranar da ya tsaya kuma wa zai buɗe maka shi? Duk wannan a kan kwastoman da ke yini yana jayayya kan dubu biyar.

Ford da kansu da suka mayar da bodin a-kori-kurarsu F-150 alminiyum a 2015, ribit da gam suka fi dogara da su, shasin kuma suka bar shi na ƙarfe. Bi sahunsu. Sai dai ka sa roba ko fenti mai kauri tsakanin alminiyum da ƙarfen, in ba haka ba ruwa na shiga za ka ga alminiyum ɗin ya fara fitar da farin gari kamar gishiri, cinyewa ke nan.

Haɗa bodi ɗaya tak ka ɗora a sikeli. Nauyin alminiyum kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma dole ka ƙara masa kauri, saboda haka kar ka cika wa kowa baki. Ka ba wani direba ya yi damina guda da shi, in ya dawo ka duba kowane ribit, ka tambaye shi nawa ya rage a kuɗin mai.