Kada ka biya kuɗin keken nan sai ya ɗinka fatarka a gabanka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar ni na rubuta ta a shekarun baya. Ka ce ka gaji da basilla, ka tara ɗan abin da ya sawwaƙa, an nuna maka keke na hannu an ce "indastiriyal" ne, wato na masana'anta, kana son sanin ko zai ɗinka jaka da bel. To wannan kalmar ta indastiriyal ita ta kai ni ta baro.

Ni ma haka aka yi mini. Wani dillali ne, mutumin da muke gaisawa, har gidanmu ya sani. Ya ce akwai keke a Kano, ɗan Beljiyam, ko wata shida bai yi yana aiki ba. Na hau mota a Kwangila, nan Zariya, da sassafe da kuɗina a aljihu. Muka je, keke na sheƙi, fenti sabo fil. Mai shagon ya ɗauko ƙyallen jins ya ninka huɗu, ya taka, keke ya yi fiii kamar zai tashi sama. Dillali ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, wannan ko ƙirgi ka sa masa zai wuce." Har da rantsuwa, ban ma nema ba. Ni kuwa ko guntun fata ban riƙo ba, wauta ta ke nan, na yarda. Amma shi dillalin ya sani. Wallahi ya sani, don daga baya na ji cewa ya taɓa kai wani baduku wurin keken, ya gwada ya ƙi saya.

Keken tela ne, irin su Juki DDL-5550 da 8700 ɗin nan da ke cike da shagunan Tudun Wada. Ba su da laifi, a shadda da yadi babu kamarsu, amma ba don mu aka ƙera su ba. Haƙoran ƙasa kaɗai ke jan kaya, ƙafar tana danne wuri ɗaya. Fata kuwa kama ƙafa take yi, sai ta ƙasa ta tafi ta sama ta tsaya.

Sati biyu kafin biki wata Hajiya ta ba ni aikin jaka 12, kuma ita ta sayo fatarta, rinanniya, ruwan ƙasa mai kyau. Ɗinkin gefe ya tafi da ƙyar. Da na zo wurin hannun jaka, inda fata ta hau kan fata har huɗu, sai keke ya fara tsallake. Ya ɗinka uku ya bar biyu. Na warware, na sake. Kun dai san fata, ramin allura ba ya rufewa, ba yadi ba ce. A karo na uku ramukan suka haɗe, wurin ya yage kamar takarda. Daren nan allura 7 na karya, ɗaya tsininta ya fallatso ya same ni a ƙasan ido. Ƙarfe biyu na dare ina zaune da fitilar waya a baki, janareta na shan mai, jaka 4 sun lalace a gabana. Da safe Hajiya ta aiko direba. Ban iya fitowa ba, yarona na tura ya ce ba na nan, ina ji daga bayan labule. Har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Na biya fatar, na sayar da akuyar maiɗakina na cika, sauran 8 ɗin da hannu na ƙarasa su, yatsuna duk sun fashe. Da na kira dillalin sai ya ce wai hannuna ne bai saba ba. Hannuna! Ni da na tashi a cikin fata. Na bar shi da Allah, amma ko a jana'iza muka haɗu gaisuwa ce kawai.

To abin da za ka duba: ka sunkuya ka kalli wurin allura, ka juya kan keken da hannu a hankali. In na fata ne za ka ga ƙafa biyu, ta ciki da ta waje, suna ɗagawa bi da bi kamar mai tafiya, allurar ma tana matsawa baya tare da fatar. Shi ake ce wa wokin fut. In ƙafa ɗaya ce a zaune, ko me aka rubuta a jikinsa, yi sallama ka fita. Kuma kada tambari ya ruɗe ka, sitika ce, ana liƙa ta.

Wanda nake aiki da shi yanzu Juki LU-563 ne, tsoho tukuf, fentin duk ya goge, amma kwarkwaronsa babba ne, ba ka ta tsayawa nadi. Akwai Singer 111W155, ƙarfe ne na gaske, sai dai ba shi da ribas, juya kayan za ka riƙa yi kana ɗaure ɗinki. Seiko, Consew 206RB, Pfaff 545, Adler 167, duk dangi ɗaya ne, suna cin kauri kamar milimita 8 zuwa 10. In jaka ce aikinka sosai, mai dogon hannu irin Pfaff 335 ya fi shiga lungu. In kuwa kayan doki kake hange, na hawan sallah, wannan wani gida ne daban, sai irin su Singer 45K ko Adler 205. Singer 29K na masu facin takalmi kuma kada ka ce da shi za ka yi bel, kwarkwaronsa ɗan mitsitsi ne.

Ka je da fatarka da zarenka, mai kaurin da kake aiki da shi, ba wanda mai shago zai miƙo maka ba. Ka ninka yadda take a hannun jaka, ka ɗinka da kanka, ka juya ka ga bayan. Ka kama sandar allura ka girgiza, in tana lilo ta ci. Ka kwantar da kan keken ka duba ƙugiyar da ke ɗaukar zare, tsininta ya zama da kaifi, ba a goge ba, in kuma yana da bel a cikinsa ka duba ko ya tsattsage. Kuɗin motar mai gyaran keke da na abincinsa bai kai kuɗin jaka ɗaya ba, tafi da naka, ba na mai shago ba.

Af, moto, wato injin lantarkin da ke juya keken. Yawancinsu da tsohon mai kuloci suke zuwa, wanda ke gurnani ko ba ka taka ba, da ka taɓa kuma ya zabura. Ka karanta farantin jikinsa, in ka ga 380 na wutar masana'anta ne mai layi uku, ba zai tashi a shagonka ba, 220 kake nema. Da ka samu hali ka sa moton da ake kira sarbo, yana tafiya ɗinki ɗaya-ɗaya, ƙaramin janareta ma na ɗaukarsa. Da wutar nan tamu ta Zariya da sai ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Allura kuma, in irin Juki LU-563, Singer 111W155 ko Consew 206RB ne, 135x16 za ka tambaya, mai bakin yanka, 135x17 ta yadi da tamfol ce. Kafin ka saya ka zaga Sabon Garin Zariya ka tabbatar ana samun allurar da kwarkwaron, kada ka koma zuwa Kano saboda abin da bai kai cikin cokali ba.

In kana da wanda ka sani a makarantar fata ta Samaru, NILEST, roƙe shi ya nuna maka yadda na gaske ke tafiya, ido ya fi bayani. Keken telan nan da na saya a Kano yana nan a kusurwa an rufe shi da buhu, wani tela ya taya sau biyu, na gaya masa gaskiyar abin da yake ɗinkawa, muna kan ciniki. Ka turo hoton wurin allurar wanda aka nuna maka, daga gefe, da lambar da ke jikinsa, mu gani kafin ka ba da ko kafin alƙalami.