Daga Ina Waƙar Farin Zomo Ta Samo Asali?

Tambaya: Malam, na ji wata tsohuwar waƙa mai suna White Rabbit (Farin Zomo) a tallan fim ɗin The Matrix Resurrections, ta ƙi fita daga raina. Wa ya yi ta? Kuma da gaske ne waƙar 'yan ƙwaya ce?

Amsa: Ɗan'uwa, ka iya zaɓe. Mawaƙiya Grace Slick ce ta rubuta ta, tun tana cikin wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa ta birnin San Francisco na Amurka, The Great Society. Da ta koma ƙungiyar Jefferson Airplane a 1966 sai ta tafi da abarta. Waƙar ta fito a faifan Surrealistic Pillow a 1967, har ta kai ta 8 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka.

Baitocin daga labarin Alice na Lewis Carroll aka tsamo su, wanda ya fito a Ingila a 1865: yarinya ta bi farin zomo cikin rami, ta sha wani abu ta ƙanƙance, ta ci wani ta zama zanƙaleliya, ga tsutsa zaune kan naman kaza tana zuƙar shisha. Maganar ƙwaya kam tana ciki, ba zan ɓoye maka ba, zamanin ƙwayar LSD mai gusar da hankali ne. Slick ta sha faɗin cewa da iyaye take, masu karanta wa yara irin waɗannan labarai sannan su yi mamaki in yaran sun girma sun fara gwaje-gwaje. Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni ba, na ga abin da ƙwaya ke yi wa matasa.

Amma kiɗan, nan ne gwanintar take. Toshe kunnuwanka da abin sauraro ka ji yadda ta fara: jita mai kaurin murya tana tafiya sannu, ganga na karkarwa kamar faretin soja. Salon kiɗan Bolero na Ravel, makaɗin Faransa, ne, haɗe da ƙamshin Sifaniya da Slick ta kwaso daga faifan Sketches of Spain na makaɗin jazz Miles Davis. Babu amshi ko ɗaya. Hawa kawai take, murya na ƙara ƙarfi, sai ta fashe a ƙarshe, duka cikin minti biyu da rabi.

'Yan Jefferson Airplane sun rera ta a babban bikin kiɗa na Woodstock da safiyar wata Lahadi a Agustan 1969. Littafin Go Ask Alice na 1971 daga baitinta ya ari suna, sannan Oliver Stone ya sa ta a fim ɗinsa Platoon a 1986, inda sojojin Amurka a Biyetnam ke busa hayaƙi cikin ramin da suke fakewa.