Kwana Biyar a Tsaunukan Jamus da Hajiya Mai Ciwon Gwiwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Ƙanin maigidana yana karatu a birnin Munik na Jamus, ya gayyace mu a hutun Agusta, ni da maigida da yara biyu da surukata. Ya ce zai kai mu ƙauyukan tsaunukan Alps mu ga fadojin sarakuna da gidajen ibadar Kirista na da. Kwana biyar ya ware, ya lissafo wurare tara. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ni kuma damuwata abinci da salla. Me za ki ba mu shawara? — Maman Ummi, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Ki gaishe da Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kuma ce wa ɗalibin nan ya rage lissafi. Wurare tara a kwana biyar tsarin saurayi ne mai jakar goyo, tsohuwa da yara ba za su iya ba. Ku kama masauki ɗaya a garin Garmisch-Partenkirchen, tafiyar ƙasa da awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa daga Munik, ku riƙa fita kuna dawowa.

Na san fadar Neuschwanstein ce a saman takardarsa, ita ce wadda hotonta ya cika intanet. Sarki Ludwig na Biyu na Bavaria, yankin da Munik take, ya fara gina ta a 1869, ya rasu a 1886 bai gama ba. Daga nesa abin kallo ce, ba musu. Amma daga ƙauyen da ke gindinta sai an yi hawa na wajen minti 30 zuwa 40 a ƙafa. Akwai keken doki da bas, sai dai duk ba sa kai mutum bakin ƙofa, a ciki kuma matakala ce kan matakala. Tikitin da lokacinsa a rubuce, wanda ya makara ya yi asara, kuma a Agusta sai an saya ta intanet tun da wuri. Zagayen cikin rabin awa ne, ba a ɗaukar hoto. Ni dai ba zan kai surukata can ba. Maigida ya je da yara, ke ki zauna da Hajiya a bakin tafkin Alpsee da ke ƙasa, akwai kujeru da inuwa.

Inda zan ce ku ba yini guda cur shi ne Linderhof, ƙaramar fadar wannan sarkin, wadda ita kaɗai ya ga kammaluwarta. Ku tsaya da kyau a ɗakin cin abinci. Teburin yana nutsewa ta cikin daɓe zuwa kicin, a jera masa abinci, a turo shi sama, don kawai sarki kada ya haɗa ido da barori. Yara sun fi tuna wannan a kan duk zinaren da aka shafe bango da shi. A gaban fadar akwai ruwa mai tsiri da ke tashi sama da mita 20, a cikin lambun kuma akwai wani gini mai ƙubba irin na Larabawa, na tabbata Hajiya za ta ce masallaci ne.

A hanya ɗaya Ettal yake, gidan ruhubanawa, wato Kiristoci masu keɓe kansu don ibada, da aka kafa a 1330, har yau suna zaune a ciki. Hukuncin shiga coci ki tambayi malaminku kafin ku tashi. Farfajiyar dai shimfiɗaɗɗiya ce, ana ganin ƙubbar da tsaunin bayanta ba sai an shiga ba. Ki kula a shagonsu: suna haɗa giya, kwalaben kuma masu kyau ne kamar na turare. Kilomita kaɗan gaba sai ƙauyen Oberammergau, mai gidaje da zane a bango da masu sassaƙar itace. Awa biyu ta isa.

Idan gari ya waye tas, ku hau Zugspitze, tsauni mafi tsawo a Jamus, mita 2,962. Keken igiya, wato ɗan ɗaki mai tafiya rataye a jikin igiyar ƙarfe, shi ke kai mutum cikin minti goma, gwiwa ba ta aiki. Ku tafi da rigunan sanyi ko da ana zafi a ƙasa.

Abinci kuma, naman alade ya yi yawa a girkinsu, ki haddace kalmar Schwein ki riƙa dubawa. Kifi da dankali da burodi ba sa wuya, shagunan Turkawa ma suna nan, ki tambaya ko na halal ne. Ki ƙullo yajinki, amma kilishi ki bar shi a Gombe, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi, ku yi cefane tun Asabar.

A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura na dare, ki sa manhajar lokutan salla a waya, dadduma a jaka. In Juma'a ta riske ku, akwai masallaci a garin Penzberg, tsakanin Munik da tsaunukan, an buɗe shi a 2005. Wajen neman biza, kowa sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, ta Hajiya ki karanta da kyau ko ta haɗa da ciwon da take da shi tun a gida.