Na ce wa matata "ba ni ba ke", an ce saki uku ne

Tambaya: Malam, mun yi cacar baki da matata kan zuwa wani biki da na hana ta. Cikin fushi na ce mata, "Tafi gidanku, ba ni ba ke." Ba ta nemi saki ba, ni ma ban nufe shi ba, so nake ta je ta kwana biyu in huce. Washegari ma na aika ƙanena da kuɗin cefanen yara. Da na je biko, wani malami a unguwarsu ya buɗe Risala ya ce igiya uku ta tsinke, sai ta yi wani auren. Da na ce a garinmu ba haka ake sakin mace ba, sai ya ce hukuncin Allah ba ya bin al'ada. Yaya matsayin aurena?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, in dai abin ya faru yadda ka bayyana, matarka tana nan matarka, ko igiya ɗaya ba ta tsinke ba. Abin da na riƙe a wasiƙarka shi ne ba ta nemi saki ba, kai ma ba ka nufa ba. Da a ce ta tsaya tana cewa "sake ni" ka mayar mata da wannan kalma, ko kuma ka ƙudurta rabuwa a zuciyarka, da saki ɗaya ya auku, kana da damar kome kafin idda ta cika. Wanda ya ce "na sake ki" kuwa, ba a tambayarsa niyya, wannan babu saɓani.

Malamin bai yi wa littafi ƙarya ba. Ibn Abi Zaid, marubucin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo cewa wanda ya ce wa matar da ya riga ya tare da ita "bariyya" ko "khaliyya" ko "igiyarki na kan kafaɗarki", saki uku ne. Inda malamin ya kuskure shi ne ɗaukar kalmarka ta Hausa ya sanya mata rigar waɗancan kalmomi na Larabci. Me ya sa Imam Malik ya mai da su saki uku? Domin a bakin mutanen zamaninsa, da su ake yanke aure yankewar da babu kome, kowa ya ji ya san abin da ake nufi. Hukuncin ya rataya ne ga ma'anar da mutane suka sani. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 684, ya tsaya a kan waɗannan kalmomi ɗin da kansu, ya ce idan al'adar da aka gina hukunci a kanta ta gushe, bai halatta mufti ya ci gaba da fatawa da shi ba. Ya ce in baƙo ya zo maka da tambaya, kada ka ɗora shi kan al'adar garinku, tambaye shi ta garinsu. Har ya kira daskarewa kan abin da ke rubuce a littattafai har abada ɓata a addini da jahiltar manufar magabata.

To mu duba bakin Bahaushe. Uwa takan ce wa ɗanta "ba ni ba kai" da safe, da yamma ta zuba masa tuwo. Abokan kasuwa su faɗa wa juna yau, gobe ka gan su a rumfa ɗaya. Kalmar fushi ce, tana iya ɗaukar saki, tana iya ɗaukar waninsa, shi ya sa ake komawa ga niyya. Bahaushe in zai yi saki, ya san kalmarsa, ya kuma san takarda.

Maganar malamin cewa hukuncin Allah ba ya bin al'ada gaskiya ce a muhallinta. Rabon gado, haramcin riba da zina, adadin saki, ko duniya duka ta sauya ra'ayi ba za su motsa ba, kuma ina gargaɗin masu fakewa da "zamani ya canza" don su halatta abin da nassi ya haramta. Amma akwai hukunce-hukuncen da Shari'a da kanta ta jingina ga halin mutane, kamar gwargwadon ciyarwa da ma'anar lafuzza. A Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, an ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar ana barin ɓatattun raƙuma suna yawo har su hayayyafa ba mai taɓa su. Da zamanin Sayyidina Usman ya zo, sai ya sa a yi cigiyarsu, a sayar, a ajiye wa mai su kuɗinsa. Manufar ɗaya ce, tsare dukiyar Musulmi, mutane ne suka sauya. Ita kanta Risalar da aka buɗe maka, a babin hukunce-hukunce, ta kawo maganar Umar ɗan Abdul'aziz cewa ana farar wa mutane da hukunce-hukunce gwargwadon fajircin da suka farar.

Yanzu gare ka. Raina ya ɓaci da korar da ka yi mata. Matar da aka saka saki na kome ma, Allah ya hana a fitar da ita daga ɗakinta a farkon Suratuɗ Ɗalaƙ, balle wadda ke da aurenta, a kan biki. Ka sa ta ɗauki yara ta ratsa unguwa ana kallonta. Ka ba ta haƙuri, ka ba iyayenta, kuma ka kama harshenka, don ba kullum kalma ke fita ta bar aure a tsaye ba.

In wani ya kawo maka shawarar auren kisan wuta, ka guje shi, Annabi (SAW) ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa.

Kada kuma ka je ka ci mutuncin malamin nan da wannan amsa. Ni bakinka kaɗai na ji. Ka ɗauki waliyyinta ku je gaban alƙali ko wani malami masanin fiƙihu a garinku, a ji ta bakinta, kai kuma ka faɗi niyyarka tsakaninka da Allah, ko da za a rantsar da kai. In ka san a ranka saki ka nufa, fatawata ba za ta halatta maka komai ba, sai ka lissafa igiya ɗaya ta tafi.

Allah ne mafi sani.