Me ya sa aka ba Leonard Cheshire lambar Victoria Cross?

Tambaya: Na karanta cewa Birtaniya ba ta bayar da lambar Victoria Cross sai ga sojan da ya yi wata bajinta guda a gaban abokan gaba. To, wace bajinta ce Leonard Cheshire, kwamandan jiragen jefa bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi har ya same ta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abin da ka karanta haka yake a mafi yawan lokuta. Tun da Sarauniya Victoria ta kafa lambar a 1856, akan ba da ita ne saboda abin da mutum ya yi a rana ɗaya, kamar yadda aka ba Guy Gibson bayan ya jagoranci harin madatsun ruwan Jamus a Mayun 1943. Ta Cheshire kuwa, wadda aka sanar a Satumban 1944, ta fita daban, domin shekara huɗu na jajircewa aka auna, tare da fita kai hari har sau 100.

Sai an san haɗarin aikin za a gane nauyin wannan adadi. Cikin kusan mutum 125,000 da suka yi aiki a rundunar jiragen jefa bama-bamai ta Birtaniya, fiye da 55,000 sun halaka, kuma matuƙi kan samu hutu ne idan ya cika fita 30. Cheshire ya yi ta komawa da son ransa. Yana ɗan shekara 25 ya kai muƙamin Group Captain, wato daidai da kanar a sojan ƙasa, amma ya yarda a rage masa girma don ya karɓi ragamar ayarin jirage mai lamba 617, wanda Gibson ya jagoranta a harin madatsun ruwan, a ƙarshen 1943.

A can ne ya ƙware wajen sauka ƙasa-ƙasa ya jefa wutar alama a kan wurin da za a buga, domin jiragen da ke sama su samu saiti. A daren 24 ga Afrilun 1944, a birnin Munich, ya kutsa da ƙaramin jirginsa samfurin Mosquito har zuwa tsayin ƙafa 700 kacal, fitilun bincike sun haske shi, bindigogi na ta ruwan wuta, kuma bai bar wurin ba sai da ya tabbatar alamar ta faɗa inda ake so. Ni dai abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na Limoges a Faransa, cikin Fabrairun wannan shekara, inda ya yi ta shawagi dab da rufin wata masana'antar injinan jirgi don ma'aikata Faransawa su ankara su gudu kafin a saki bom.

Ba zan ɓoye maka cewa hare-haren jiragen jefa bama-bamai na Birtaniya sun kashe fararen hula masu ɗimbin yawa a biranen Jamus ba, kuma lambar yabo ba ta kashe wannan muhawara. Jarumtar mutum ɗaya take shaida. Shi Cheshire, wanda ya ga tashin bom ɗin Nagasaki da idonsa a 1945 a matsayin ɗan sa ido na Birtaniya, ya ɗauki wani tsohon soja mai ciwon daji zuwa gidansa a 1948 ya yi jinyarsa da hannunsa, kuma daga nan gidajen kula da masu buƙata ta musamman da ke ɗauke da sunansa suka faro, har suka iso Najeriya da Sudan kafin rasuwarsa a 1992.